Digiri na Biyu ko Bakin Fili: Wace Hanya ce Ke Kai Mutum ga Zama Kociyan Ƙwallon Ƙafa?

Gabatarwa

A hutun zangon karatun da ya wuce, wani tsohon ɗalibina ya same ni a Yelwa da wata tambaya. Na koyar da shi darasin aikin sassan jiki lokacin da yake neman digirinsa na farko a fannin ilimin motsa jiki, yanzu kuwa yana koyarwa a wata sakandare a ƙasar Ngaski, kuma shi ne mai kula da ƙungiyar ƙwallon makarantar. Bayan mun gaisa sai ya ce: "Malam, na tara kuɗin albasar da na noma shekara biyu a bakin tafki. Burina in zama kociya na sosai. In tafi Zariya in yi digiri na biyu, ko in tsaya da yarana in nemi takardar horarwa?"

Tambayar tana da nauyi, domin abin da ke kan sikeli gumin shekara biyu ne, da wasu shekarun da za su tafi a karatu, da kuma yara wajen talatin da za su rasa mai duba su idan ya tafi. Na kuma san cewa a Yawuri da Shanga da Wara akwai ɗalibai da yawa masu irin wannan buri. Saboda haka na ga ya dace in baje amsar a wannan maƙala, domin ɗalibai da malamansu su duba hujjojin, kowa ya yanke wa kansa hukunci.

Takardu iri uku

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya fahimta shi ne, takardun da ake magana a kansu iri uku ne, kuma kowace da ƙofar da take buɗewa.

Ta farko ita ce ta jami'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano suna da sassan da ke koyar da ilimin motsa jiki da kiwon lafiya tun daga digiri na farko har zuwa na digirgir. Digiri na biyu yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci ya zarce haka. Ana karanta aikin sassan jiki lokacin wasa, da halayyar ɗan Adam, da shugabancin harkar wasanni, da dabarun bincike, sa'an nan a rufe da rubuta kundi.

Ta biyu ita ce ta Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke filin wasa na Surulere a Legas, wadda aka kafa a 1974. Ita tana ba da horo ne kai tsaye a kan koyar da wasanni, kuma kociyoyin ƙasar nan da dama ta nan suka bi.

Ta uku ita ce lasisin Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, watau CAF, wanda ake samu ta hannun Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya. Hawa-hawa ne: ana farawa da D, a hau C, sai B, sai A, a ƙare da na ƙwararru. Tsakanin mataki da mataki dole ne mutum ya yi aiki da ƙungiya na wani lokaci. Wannan takarda ita ce hukumomin ƙwallo ke tambaya. Alal misali, CAF ta sharɗanta cewa babban kociyan da zai jagoranci ƙungiya a gasanninta na ƙungiyoyi sai ya mallaki lasisin A ko wanda ya fi shi. Farfesa ma, in ba shi da wannan lasisi, ba zai zauna a bencin a matsayin babban kociya ba.

Ke nan ta fuskar doka amsar a fili take: lasisi ne mabuɗi, digiri na biyu ba ya maye gurbinsa. To amma wannan bai rufe maganar ba. Saura mu duba abin da ilimin ke sa wa a kan mutum, da yadda yake amfanar yaran da ke hannunsa.

Makamashin ɗan wasa

Tun a 1976 Tom Reilly da Vaughan Thomas suka bi 'yan wasan ƙungiyar Everton ta Ingila suna ƙirga takunsu, domin sanin nisan da ɗan wasa ke ci a fili. A yau na'urori sun nuna cewa ƙwararren ɗan wasa yakan yi tafiyar kilomita 10 zuwa 12 a cikin minti 90. Mafi yawanta tafiya ce da sassarfa, ana yi ana tsinka ta da gajeren gudu mai tsanani. Zuciyarsa kuwa takan yi aiki a kan kimanin kashi 85 cikin 100 na iyakar bugun da za ta iya. Ana kintatar wannan iyaka ta hanyar cire shekarun mutum daga 220. Yaro ɗan shekara 16 iyakarsa wajen 204 ke nan a minti ɗaya, watau a lokacin wasa zuciyarsa za ta riƙa bugawa wajen sau 173.

Makamashin wannan aiki yana fitowa ne galibi daga gilaikojin, wani nau'in sitaci da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta. Rumbun ƙarami ne, kuma kafin a tashi wasa yakan kusa ƙarewa a zaruruwan tsoka da yawa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ƙafafu ke yin nauyi a minti 15 na ƙarshe. Masana abinci suna ba da shawarar cewa ranar jajibirin wasa ɗan wasa ya ci giram 6 zuwa 8 na abinci mai sitaci a kan kowane kilo na nauyinsa. Mai nauyin kilo 60 yana bukatar giram 360 zuwa 480 ke nan. Na abinci mai gina jiki kuwa, kimanin giram 1.6 a kan kowane kilo, watau giram 96 a rana, kuma giram 100 na naman kifi yana ba da wajen giram 20. Wanda ya san wannan lissafi zai gane cewa yaron bakin tafki ba ya bukatar garin gwangwani mai tsada. Tuwon shinkafa da fura da kunun gero da wake da kifin da ake saukewa kullum a bakin ruwan Yelwa sun wadatar, in dai an ci isasshe kuma a kan lokaci.

Ilimi kuma yana gyara kuskuren da aka gada. An daɗe ana cewa tsamin jikin da ake ji kwana ɗaya ko biyu bayan wasa taruwar sinadarin laktik ne a tsoka. Bincike ya nuna cewa wannan sinadari yakan bar jini cikin kimanin sa'a guda. Tsamin yana zuwa ne daga ƙananan yagewa a zaruruwan tsoka, waɗanda ke bukatar kwana biyu zuwa uku kafin su warke. Kociyan da ya sa yara gudun horo washegarin wasa don wai ya "wanke" musu tsoka, ƙara wa rauni gishiri yake yi.

Zafi da gumi

A watannin Maris da Afrilu zafin rana a ƙasar Yawuri yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Tsokar da ke aiki tana mai da mafi yawan makamashinta zafi, kuma babbar hanyar fitar da shi ita ce bushewar gumi a kan fata. Ɗan wasa yakan zubar da lita ɗaya zuwa biyu a sa'a guda, wani ma fiye. Idan ruwan da ya rasa ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, jininsa zai ragu, zuciya ta ƙara sauri, gudu da tunani su ja baya. A bakin ruwa akwai ƙarin matsala: in iska ta cika da laima, kamar gab da faɗuwar damina, gumi ba ya bushewa da sauri, saboda haka jiki ba ya hucewa.

Gwajin wannan abu sikeli kawai yake bukata. A auna yaro kafin atisaye da bayansa. A ce ya tashi daga kilo 60 ya koma 58.5, alhali ya sha rabin lita a tsakani. Gumin da ya zubar lita 2 ke nan, kuma giɓin da ya rage kilo 1.5 ne, watau kashi 2.5 cikin 100 na nauyinsa. Ya wuce iyaka. Abin da ya kamata ya sha a sa'o'in da ke biye shi ne ninki ɗaya da rabi na giɓin, wajen lita biyu da kwata, tare da abinci mai ɗan gishiri.

Har yanzu akwai masu horarwa da ke hana yara ruwa don wai su yi tauri. Jiki ba ya sabawa da ƙishirwa. Da zafi yake sabawa, shi ma a hankali, cikin kwana 10 zuwa 14. Hukumar FIFA da kanta ta shigar da hutun shan ruwa, aka kuma yi amfani da shi a gasar cin kofin duniya ta 2014 a Barazil, a wasan Holan da Meziko. Idan yaro ya fara tangaɗi ko sambatu a rana, wannan alama ce cewa zafin cikin jikinsa na iya haura digiri 40. A kai shi inuwa, a tuɓe masa riga, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana fifita, sa'an nan a garzaya asibiti. A watan azumi kuwa, hikima ita ce a mai da atisaye mai nauyi bayan shan ruwa.

Jinin yaron bakin tafki

A nan ne, a ganina, ilimin halittu ya fi yi wa kociyan yankinmu rana. Jajayen ƙwayoyin jini su ne ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa tsoka. Duk abin da ya rage su ya rage wa yaro numfashi a fili.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, Kogin Kwara ya zama tafki mai faɗi, kuma ruwa mai kwanciya a gefe-gefe mazauni ne mai kyau ga dodon-koɗin da ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar tana huda fatar mai wanka ko mai su, ta zauna a jijiyoyin jinin mafitsara, ƙwayayenta su riƙa raunata bangon mafitsara har jini ya fito a fitsari. A wasu wurare ana ɗaukar wannan alamar balaga ce. Ciwo ne, kuma maganinsa, mai suna farazikwantel, sananne ne a asibitoci. Sai kuma zazzaɓin cizon sauro, wanda ke farfasa jajayen ƙwayoyin jini kai tsaye. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna cewa Jihar Kebbi ce kan gaba, inda aka sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada. Yaron da ya tashi cikin waɗannan cututtuka biyu yana iya shiga fili da ƙarancin jini. Wanda bai sani ba zai kira shi rago, ya ƙara masa zagayen fili. Wanda ya sani zai duba cikin fatar idonsa, ya tambaye shi launin fitsarinsa cikin sirri, ya tura shi gwaji.

Haka kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana da rukunin jini na AS, watau yana ɗauke da iri ɗaya na sikila. Masu AS suna wasa lafiya, wasunsu ma zakaru ne. Sai dai in gudu mai tsanani ya haɗu da zafi da ƙishirwa, haɗarin faɗuwa ya fi yawa a gare su. Saboda haka kociya ya san rukunin jinin kowane yaro, ya kuma bar wanda ya ce ƙafafunsa sun saki ya huta nan take.

Batun zuciya ma haka yake. Ranar 12 ga Agusta 1989 Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Legas ana karawa da Angola, bai tashi ba. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya rasu a irin wannan hali a birnin Lyon na Faransa a 2003. Amma a Yuni 2021, da zuciyar Christian Eriksen na Denmak ta tsaya a fili, an fara danna masa ƙirji nan da nan, aka sa masa na'urar farfaɗo da bugun zuciya, ya rayu har ya koma wasa a 2022. Danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti abu ne da ake koya a yini ɗaya, kuma bai kamata a damƙa wa kowa usur ba sai ya iya shi.

Ƙashi, tsoka da rauni

Yaro yana da nasa tsarin jiki dabam da na babba. A ƙarshen dogayen ƙasusuwansa akwai guringuntsin da tsawo ke fitowa daga gare shi, wanda bai kai ƙashi ƙarfi ba. Samari sukan yi tsawo mafi sauri a wajen shekara 14, 'yan mata a wajen 12. A wannan lokaci ƙashi yakan riga tsoka miƙewa, sai ciwon ƙasan gwiwa da na diddige su yawaita, yaro ya zama kamar ya mance ƙwallon. Masu gaggawa sukan kore shi, alhali watanni kaɗan yake bukata. Wannan guringuntsi ne kuma ake dubawa a hoton wuyan hannu don tantance shekarun 'yan wasa, dabarar da FIFA ta yi amfani da ita a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Nijeriya a 2009.

Rigakafi ya fi magani. Akwai tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna FIFA 11+, wanda ya haɗa sassarfa da ƙarfafa cinya da tsayuwa da ƙafa ɗaya da koyon dira bayan tsalle. An gwada shi a kan 'yan mata kusan 1,900 a Nowe, aka buga sakamakon a 2008, raunuka suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. An sake gwada shi a gasar matasa ta Legas da samari fiye da 400, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna ragin kashi 41 cikin 100. Tsarin ba ya bukatar kayan aiki na tsada. Sanin inda irin wannan bincike yake, da iya rarrabe mai inganci da maras inganci, shi ne babban abin da digiri na biyu ke koyarwa.

Ga kuma wani darasi daga bikin Rigata na Yawuri. Matashin Bagunge ko Basarke da ya tashi da filafili a hannu yana da zuciya da huhu masu ƙarfi, amma juriyarsa ta fi taruwa a kafaɗa da baya da damatsa, domin tsokar da aka horar ita ce ke ƙaruwa da hanyoyin jini. In ya shigo ƙwallo, ƙafafunsa sai an gina su daga farko. Yashin bakin ruwa kuwa filin horo ne na kyauta: gudu a kansa yana cin makamashi kusan ninki ɗaya da rabi na gudu a ƙasa mai tauri, ga shi da sauƙi a kan gaɓoɓi. Amma ba a koyon saurin gudu a yashi, sai a irin filin da za a buga wasa.

Abin da tarihi ya nuna

Yanzu bari mu duba mutanen da suka bi hanyoyin nan. Carlos Alberto Parreira na Barazil bai taɓa zama ƙwararren ɗan wasa ba. Ilimin motsa jiki ya karanta, ya tafi Gana a 1967 ya horar da 'yan wasan ƙasar yana ɗan shekara 24, ya shiga cikin masu kula da ƙarfin jikin tawagar Barazil da ta ci kofin duniya a 1970, sa'an nan ya ci kofin a matsayin babban kociya a 1994. Tsakanin fara aikinsa da wannan nasara shekara 27 ne. Carlos Queiroz, wanda matasan Fotugal suka doke Nijeriya da ci 2 da nema a ƙarƙashinsa a wasan ƙarshe na 'yan ƙasa da shekara 20 a Saudiyya a 1989, shi ma ilimin motsa jiki ya karanta a Lisbon. José Mourinho ya yi irin wannan karatu, ya koyar a makarantu, ya horar da yara, ya zama tafintan Bobby Robson a 1992, bai riƙe ƙungiya da kansa ba sai a 2000. Jürgen Klopp ya kammala karatun kimiyyar wasanni a Frankfurt a 1995 yana tsakiyar buga wa Mainz, ƙungiyar da ta ba shi aikin horarwa a 2001 saboda ta san shi ciki da bai.

Wanda ya fi kusa da tambayarmu shi ne Graham Potter na Ingila, domin shi digiri na biyu ya yi, a kan shugabanci da fahimtar halin mutane, a wata jami'a da ke Leeds. Ya horar da ƙungiyoyin jami'a, ya yi aiki da tawagar matan Gana a gasar duniya ta 2007, kana ya karɓi Östersund ta Suwidin tana rukuni na huɗu, ya kai ta rukuni na ɗaya a 2015, ya ci kofin ƙasar a 2017. Duk da haka, da Chelsea ta ɗauke shi a Satumba 2022, ta sallame shi a Afrilu 2023. Digiri ya taimake shi gina ƙaramar ƙungiya cikin natsuwa, amma bai kare shi ba ranar da sakamako ya ƙi.

A gida kuwa, marigayi Yemi Tella malami ne a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, kuma shi ya jagoranci 'yan ƙasa da shekara 17 suka ci kofin duniya a Koriya ta Kudu a 2007. Manu Garba, ɗan Gombe, yana cikin mataimakansa, daga bisani ya ci kofin da kansa a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2013. Shuaibu Amodu, wanda karayar ƙafa ta raba da wasa, ya yi suna ne da BCC Lions ta Gboko da ya ci wa kofin Afirka a 1990, ya kuma samo wa Nijeriya gurbin gasar duniya ta 2002 da ta 2010. Stephen Keshi ya ɗaga kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya sake ɗaga shi yana kociya a 2013. A ɗaya gefen, Arrigo Sacchi na Italiya tallan takalma yake yi kafin ya ci kofin Turai da Milan a 1989 da 1990.

Me za mu tsinta a nan? Na ɗaya, akwai waɗanda suka kai ƙololuwa da karatun jami'a, akwai waɗanda suka kai ba tare da shi ba. Na biyu, masu karatun ba dukansu ne suka yi digiri na biyu ba. Na uku, babu ko ɗaya a cikinsu da ya tsallake shekarun aiki da ƙananan ƙungiyoyi ko zama a ƙarƙashin wani gwani. Na huɗu, karatu ya fi yin tasiri ga wanda ba shi da sunan tsohon ɗan wasa, domin shi ne hajar da zai shiga kasuwa da ita. Sai dai a yi hattara: waɗannan sunaye na waɗanda suka yi nasara ne. Dubban da suka bi hanyoyin biyu ba su kai ko'ina ba, tarihi bai riƙe sunayensu ba, saboda haka misalai kaɗai ba su isa hujjar kimiyya ba.

Abin da aji ba ya koyarwa

Da koyo akan iya. Babu laccar da za ta koya wa mutum yadda zai gaya wa yaro cewa yau benci zai zauna ba tare da ya karya masa zuciya ba, ko yadda zai shawo kan uban da ke son ɗansa a jirgin su ranar wasa, ko yadda zai gane cikin minti goma cewa gefen hagunsa na yoyo. Haka nan sanayya: shugabannin ƙungiyoyi sukan ɗauki wanda suka ga aikinsa da idonsu. Kuma kujerun kaɗan ne. Babbar gasar Nijeriya ƙungiyoyi 20 gare ta, watau manyan kociyoyi 20, adadin da bai kai yawan ƙananan hukumomin Jihar Kebbi 21 ba. Aikin kuma ba shi da tabbas, rashin nasara kaɗan a jere na iya raba mutum da shi.

A nan ne digiri na biyu ke da wata fa'ida ta daban. Yana buɗe ƙofar koyarwa a kwalejin ilimi ko jami'a, da aikin mai kula da ƙarfin jikin 'yan wasa, da mai nazarin wasa, da shugabanci a hukumomin wasanni. Waɗannan ayyuka sun fi kujerar babban kociya yawa da daɗewa.

Kammalawa

Ga amsar da na ba tsohon ɗalibina. Na ce masa kada ya bar yaransa yanzu. Ya fara da lasisin matakin farko da kwas ɗin agajin gaggawa. Ya sayi sikeli da agogon auna lokaci da babban littafi, ya riƙa rubuta nauyin yara da bugun zuciyarsu da raunukansu. Ya nemi wani gogaggen kociya a Birnin Kebbi ko Sakkwato ya riƙa zama kusa da shi lokacin hutu. Bayan shekara uku ko huɗu, in ya ga tambayoyin da ke cikin littafinsa sun fi ƙarfin saninsa, sai ya nemi hutun ƙaro ilimi ya tafi digiri na biyu da albashinsa, ya kuma rubuta kundinsa a kan yaran bakin tafki, misali dangantakar tsargiya da juriyar gudu. A lokacin karatun zai yi masa amfani ninki biyu, domin ya san abin da ya je nema.

Ga ɗalibin sakandare kuwa, ka riƙe darasin ilimin halittu da lissafi da Turanci da kyau, domin su ake nema a ƙofar jami'a, kuma da su ake karanta littattafan horarwa. Ka ci gaba da wasa, ka kuma fara taimaka wa malaminka wajen horar da 'yan aji ɗaya tun yanzu. Sannu ba ta hana zuwa.

Aikin gwaji ga malamai da ɗalibai

1. A auna bugun zuciyar ɗalibai goma suna zaune, ta hanyar ƙirga bugun wuyan hannu na daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu. Su yi sassarfa ta minti uku, a sake aunawa nan take, da kuma bayan minti ɗaya. Wane ne bugunsa ya fi saurin sauka, kuma me wannan ke nunawa?

2. Ɗan wasa mai nauyin kilo 55 ya koma 54 bayan atisaye, ya kuma sha lita ɗaya a tsakani. Lita nawa ya zubar na gumi? Kashi nawa cikin 100 na nauyinsa ya rasa?

3. Bayyana hanyar da tsargiya ke bi har ta rage wa ɗan wasa juriya.

4. A raba aji gida biyu a yi muhawara: wa ya fi cancanta a ba ƙungiyar makaranta, tsohon ɗan wasa maras takarda ko mai digiri da bai taɓa horarwa ba? Kowane ɓangare ya kawo hujja uku daga wannan maƙala.